Fenti a Kan Ciyawar Baba

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

A gafarce ni da na sake ɗaukar biro. Na san a gidan nan yanzu ba ni da bakin magana, balle hannun rubutu. Inna ta ce in ta ƙara ganina da takardar da ba ta aikin makaranta ba, da ni da takardar murhu za ta cusa mu. Ban ga laifinta ba. Ni ba kowa ba ce, 'yar aji shida ce a sakandaren 'yan mata, wadda ko a aji sai an ce ta ɗaga murya. Amma abin ya tokare mini ƙirji, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Don haka a bayan littafin lissafi nake rubutu, daga shafin ƙarshe ina tahowa gaba, don wanda ya buɗe ya fara cin karo da lambobi.

Yau kwana goma da aka sanar cewa birninmu bai samu ba. Gasar wasannin ƙasashe da aka shekara biyu ana mana waƙarta, an ba wa wani birni. Ranar an kwashe mu daga makaranta zuwa dandali da tsakar rana, kowa da 'yar tutarta. Aka nuno wani mutum a babban allo ya buɗe ambulan, ya faɗi suna, ba namu ba. Wanda aka ba wa igiyar balan-balan bai saurara ba, yana jin an faɗi suna ya saki. Haka muka tsaya cirko-cirko, muna kallon balan-balan dubu suna tashi sama suna taya wasu murna.

Babana shi ne mai kula da ciyawar babban filin wasa, shekara goma sha tara ke nan. Gidan da muke ciki na ma'aikatan filin ne, ɗaki biyu a bayan rumfar 'yan kallo ta gabas. A nan aka haife ni. In aikin ya tafi, gidan ya tafi. Inna ta faɗi haka sau huɗu yau, kuma ba da kowa take ba.

Jiya 'yan adawa suka karanta rubutuna a rediyo, wanda na yi don gasar makarantu a kan aikin Baba. Tun daga lokacin bai ce mini komai ba. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

Talata, ƙarfe shida da rabi na safe

Zan faɗi yadda abin ya faru, ko da littafin lissafi ne kaɗai zai ji.

Saura wata biyu masu duba birane su iso, aka gina maɓuɓɓugar ruwa mai rawa a shataletalen hanyar filin jirgi, don ita baƙi za su fara gani. Bututun da aka karkata mata na filin Baba ne. Sati shida ciyawa ba ta sha ba. Kullum Baba sai ya je ofishin Manaja, wato shugaban filin, ya tsaya da hula a hannu. Kullum sai a ce gobe. Ciyawar ta yi ja, ta yi fari, ta koma kamar tsohuwar tsintsiya. Da idona na ga Baba durƙushe yana tona ƙasa da yatsa yana duba saiwa, kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

Ana jibi baƙi za su zo, Manaja ya iso da ganguna goma sha biyu a bayan mota. Ina wurin, na kai wa Baba abinci. Baba ya buɗe ɗaya ya shinshina.

"Ranka ya daɗe, wannan ai fentin bango ne. Zai toshe ƙasa, saiwar ma ta mutu."

"Baƙin kwana biyu za su yi," in ji Manaja. "Saiwa ce za ta jefa ƙuri'a? Daga sama za su kalla. Ka fesa."

"To a ɗan rubuta mini, ranka ya daɗe."

Manaja ya yi dariya har da dafa mota. "Shekara nawa muna tare? Ka taɓa ganin na rubuta maka umarni? Baki ya fi takarda sauri."

Haka ake aiki a filin nan. Umarni daga sama da baki yake saukowa, rahoto daga ƙasa shi ne ake rubutawa. Baba ya fesa. Filin ya yi kore shar, har mutane na leƙowa ta katanga suna sa albarka. Sai dai baƙin da sassafe suka zo, raɓa ba ta bushe ba, kuma ba su tsaya a sama ba. Wata dattijuwa a cikinsu ta sauko, ta durƙusa ta shafa ciyawar. Ta juya tafinta ta duba. Hankici kawai ta nema. Ashe wani ya ɗauki hoto. Bai fito da shi ba sai bayan da muka faɗi.

Talata, ƙarfe uku na rana

An zuba wa kujerata koren tawada. Na zauna kafin in gani. Sunana yanzu 'Yar Fenti. Gajera, wadda muke benci ɗaya tun aji ɗaya, ta koma bencin baya, wai allo na kashe mata ido.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Kawu ya zo, ƙanen Inna, da hular 'yan adawa a ka da jarida a hammata. Shi ke riƙe wa Jagoran adawa lasifika a wurin taro, amma in ka ji bakinsa sai ka ce shi ke riƙe da jam'iyyar.

"Ina gwarzon namu? Yaya, dafa mana shayi, mijinki ya zama tauraro!"

"Tauraron gidanku," in ji Inna.

"Ai gidan namu ɗaya ne, Yaya, ki yi a hankali."

Ya zauna ya baje jaridar, ga hoton tafin dattijuwar nan ya cika shafi. Ya ce jiya Jagora ya girgiza dandali. Wai Magajin Gari ya shafa wa birni duka fenti: asibiti fenti, makaranta fenti, alƙawari ma fenti. Jama'a suka ɗauka, fenti, fenti, sai ya sauka. Ya ce mu kwantar da hankali, talaka aka sa aikin banza, kuma su ne gatan talaka.

Baba ya ce, "Takardar 'yata wa ya kai muku?"

"Haba, Maigida, ai a allon sanarwar makaranta take, kowa na gani. Ita fa ta zo ta ɗaya."

Ranar da aka ba ni kofi na ga Kawu ya tsaya gaban allon da wayarsa. A lokacin daɗi na ji.

Da shayi ya shiga cikinsa sai ya saki baki. Wai rahoton masu duban shafi tamanin ne: hanyoyi, asibitoci, masauki, wutar lantarki, magudanan ruwa. Ciyawa layi ɗaya ce, can wajen ƙarshe.

"To me ya hana ku karanta sauran?" in ji Inna.

"Yaya ke nan. Wa zai yi ihu da magudanar ruwa? Fenti ya fi daɗi a baki."

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Baba ya ce wa Inna ta ce mini in miƙo masa takalminsa. Na fi ta kusa da shi.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Kakakin Magajin Gari ya yi magana a rediyo. Ya ce sun gode wa 'yan adawa da suka tono takardar yarinyar nan, amma don me suka tsallake sakin layi na uku? Ya ce an yi wa birni zagon ƙasa, kuma ga shaida daga cikin gidan mai laifin. Sai ya karanta, a hankali, sau biyu.

Ba zan rubuta shi a nan ba.

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi

Zan rubuta. Cewa na yi: "Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya taya shi. Babana shi kaɗai ya yi tunanin, shi kaɗai ya saɓa injin feshi, ya ceci mutuncin birninmu."

A rubutun farko akwai Manaja, akwai ganguna, akwai bututu. Malamar rubutu ta ja musu jan layi. Ta ce, "Rubutu mai kyau gwarzo ɗaya gare shi. Wa ya tambaye ki bututu?" Amma ba zan ɗora mata duka ba. Ita ta cire Manaja, ni na ƙara "babu wanda ya sa shi". Sati guda ne bayan tafiyar baƙi, kowa na cewa mun riga mun ci. Shekara goma sha tara, duk babban mutumin da ya zo ya yaba filin, Manaja ake ba wa hannu, Baba yana can nesa riƙe da tiyo. Na so sau ɗaya a tafa masa.

Ranar da na karanta masa ya ce, "Kin ƙara gishiri, 'yar nan." Amma murmushi yake yi. Ya sa na maimaita wurin.

A duk faɗin birnin nan takarda ɗaya ce tak ta faɗi wanda ya kawo shawarar fentin, kuma da rubutun hannuna take.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Manaja ya zo da kansa. Bai taɓa taka gidanmu ba. Inna ta goge masa kujera da gefen zaninta, ya ce a tsaye ma ya isa. Ya miƙa wa Baba ambulan. Baba ya buɗe ya daɗe yana bi da yatsa. An dakatar da shi har sai an gama bincike.

"Ashe kana rubutu, ranka ya daɗe," in ji Baba.

"Daga sama ne. Ni ma a kan wuta nake. Kawo makullan ɗakin injin."

Baba ya ciro su daga wuyansa, a igiya suke. Wurin igiyar ya bar masa farin zane a fata.

"Kai ka kawo gangunan nan," in ji Baba. A hankali ya faɗa.

"Waɗanne ganguna?"

Ya tambaya ne kamar da gaske yana son ya sani. Ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Har ya kai ƙofa sai ya waiwayo ya gan ni a raɓe.

"Ke ce marubuciyar? Allah ya yi albarka. Rubutunki ya yi kyau ƙwarai. Kwafi uku na sa aka yi mini."

Na ce na gode. Wallahi ban san lokacin da ta fito ba. Haka aka koya mana, in babba ya yaba a gode. Inna ta dube ni, kallon da har yanzu ina jin sa a ƙeya.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

An dawo wa filin da ruwa. Muna jin injin ban-ruwa yana juyawa a kan matacciyar ciyawa. Baba ya tashi ya rufe taga.

Litinin, ƙarfe uku da rabi na rana

Na tsaya minti ashirin a ƙofar ɗakin malamai kafin na iya sallama. Na roƙi Malama ta ba ni rubutuna na farko, mai jan layi.

"Wane na farko?"

"Wanda akwai Manaja a ciki, Malama."

"Ni nahawu kawai nake gyarawa. Ra'ayi na mai rubutu ne." Ba ta ɗago ba, littattafai take makawa. "Ki ja mini ƙofar."

Kafin a tashi Shugabar makaranta ta kira ni. Ta ce gobe in dawo da kofin. Sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Abu biyu ne, 'yata. In gaskiya kika rubuta, laifin ubanki ne, makaranta ba ruwanta. In kuwa ƙarya kika shirga a gasar da aka sa sunan makarantar nan, to mu ba ma zaunar da maƙaryata jarrabawar ƙarshe. Ki je ki yi tunani."

Da na dawo na gaya wa Inna duka a tsakar gida, ina kuka. Ban san Baba yana ɗaki ba sai da na ji tarinsa.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Na mayar da kofin a cikin baƙar leda.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Hoton yau a jarida: Magajin Gari da Jagoran adawa sun riƙe hannu suna dariya. Wai birni ya fi jam'iyya. Za a kafa kwamitin bincike, rabi nasu rabi nasu. Za a kuma kafa wani kwamitin na sake neman gasa mai zuwa, shi ma rabi da rabi, da motoci. Jagora ya ce bai taɓa cewa kowa ya sauka ba, 'yan jarida ne suka juya masa magana. Ya ce abin takaici ne a ce ma'aikaci ɗaya ya zubar da wahalar mutum miliyan.

Inna ta kira Kawu sau biyar. A na shida ya ɗauka, ina jin sa daga inda nake.

"Yaya, ina taro."

"Ka ce ku ne gatansa."

"Siyasa ce, Yaya, yau rana gobe inuwa. Shi ma Maigida ai babba ne, an ce ka fesa sai ka fesa? In an ce ka faɗa rijiya fa?"

"Allah ya isa nonon da muka sha tare."

"Ke kika fi sha, ni saura na tarar." Ya kashe.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Ban je makaranta ba. Wajen hantsi wasu matasa suka zo, wasu da hular wannan jam'iyya wasu da ta waccan, karon farko da na ga sun jeru. Da bokiti suka zo. Suka watsa wa ƙofarmu, da bango, da wankin da Inna ta shanya. Farar rigar Baba ta fita unguwa tana ciki. Masu gadin filin suna zaune a benci suna kallo, mutanen da Baba ke aika ni in kai wa ruwan sanyi.

Inna ta fito da tsumma da kananzir tana gurzar ƙofa. Matar mai sayar da tikiti, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta katanga.

"Ki bar shi mana, maƙwabciya, ai kalar gidanku ce."

Ita ce wadda Inna ta yi wa jinyar sati uku bara.

Na ɗauki wani tsumman zan taya. Inna ta ce, "Ajiye. Kin yi naki."

Asabar, ƙarfe sha biyu na rana

Takardar gayyata ta zo, guda biyu. Ɗaya ta Baba, ɗaya tawa. Ranar Talata, zauren majalisar birni.

Na yanke shawara. Zan ce ƙarya na rubuta. Jarrabawa ta tafi, ba komai, ana iya koyon ɗinki. Na shiga banɗaki na gwada faɗa da ƙarfi: "Ƙarya ne, Manaja ne ya sa shi." Sau goma sha ɗaya. A banɗaki muryata tana fita sosai.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Inna ta wanke farar rigar sau uku. Ta koma kalar ruwan kududdufi. Ita zai sa, ba shi da wata.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Zauren yana da sanyi, kujerun suna da laushi. Mutum goma a dogon tebur, da Shugaban kwamiti a tsakiya, da sakatare a gefe yana rubuta duk abin da aka faɗa. 'Yan jarida sun cika baya. Kawu yana can shi ma, da sabuwar hula mai tambarin kwamitin sake nema. Bai dubi inda muke ba.

Manaja aka fara kira. Ya ce shi mutum ne mai bin ƙa'ida. Aka tambaye shi bututu. Ya ce a je a duba, ruwa na zuba a filin yanzu haka. Aka tambaye shi ganguna. Ya ce in akwai takardar da ta nuna ya ba da wannan umarni, a kawo, zai ajiye aiki a take. Ya ce ya ɗauki Baba tamkar ɗan'uwa. Har muryarsa ta yi rawa. Aka miƙa masa ruwa.

Sai ni. Aka ba ni kwafin, aka ce in karanta sakin layi na uku. Na karanta. Aka ce ba a ji. Na sake. Aka ce in matso da abin magana. Na karanta a karo na uku, muryata ta cika zauren, "babu wanda ya sa shi", kuma Baba yana zaune taku huɗu daga inda nake, hularsa a gwiwa.

"Rubutunki ne?" in ji Shugaban kwamiti.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma..."

"Amma me?"

"Ƙarya ne." Ba yadda ta fita a banɗaki ba. Kamar kukan ɗan tsako.

"Me ta ce?"

"Ƙarya ne. Manaja ne ya kawo fentin. Ina wurin."

Aka yi dariya, ba da ƙarfi ba. Wata 'yar majalisa mai zoben zinariya a kowane yatsa ta jawo abin magana.

"To, 'yammata, yaushe kika yi ƙaryar? Da, ko yanzu?"

"Da."

"Wato kin iya ta ke nan, har da cin kofi. To mu me zai sa mu yarda da ta yau?"

Ba a koya mana amsar wannan ba.

Shugaban kwamiti ya ɗaga hannu, da fara'a. "A bar yarinya. Kowace 'ya tana son ubanta, Allah ya ba mu irinta. Sakatare, wannan maganar tausayi ce, ba sai ta shiga ba." Na ga sakataren ya ɗaga biro daga kan takarda. Sai Shugaban ya juya ga Baba. "Malam, kai za ka raba mana gardama. Shugabar makarantarsu tana nan zaune, tana so ta sani. 'Yarka maƙaryaciya ce?"

Na waiwaya. Tana nan kuwa, a layi na biyu, da jakarta a cinya.

Baba ya miƙe. Ya juya hularsa sau biyu a hannu. Na roƙe shi da ido. Bai dube ni ba, teburin yake kallo.

"'Yata ba ta ƙarya," in ji shi. "Abin da ta rubuta, haka aka yi. Yau tsoro ne ya kama ta."

Biron sakatare ya koma kan takarda. Wannan ta shiga.

A hanyar dawowa yana gaba, Inna na tsakiya, ina baya. Muka wuce ta shataletale. An kashe maɓuɓɓugar, yara na wasa a cikin busasshen kwamin.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Shugabar makaranta ta ce sunana na nan a jerin masu jarrabawa. Ta ce in gode wa Allah da ya ba ni uba mai faɗin gaskiya. Gajera ta dawo bencinmu. Ta ce idon ya warke.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

An sallame shi. Kwana bakwai mu fita daga gidan.

A labarai guda aka faɗi duka: an gano mai laifi, an wanke sunan birni, an naɗa Manaja sakataren kwamitin sake nema saboda ƙwarewarsa. Za a kankare filin a shimfiɗa ciyawar roba, wadda ba ta shan ruwa kuma ba ta buƙatar mai kula. Magajin Gari ya ce an koyi darasi. Jagora ya ce shi ma haka ya gani.

Inna ta yi dariya. Ban taɓa jin irinta ba. Sai ta shiga ɗaki ta fara sauke labule.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Ba abin rubutawa. Ba abin rubutawa. Motar kankare ƙasa ta shiga filin tun jiya.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Gobe za mu tashi. Wani abokin Baba mai gyaran famfo ya ba mu ɗaki ɗaya a bayan shagonsa, can ƙarshen gari, kafin a ga abin da Allah zai yi. Tun safe muke ɗaure kaya. Ban san muna da kaya kaɗan haka ba. Inna ta samo kwalaye bakwai a wurin mai shago, duk iri ɗaya, ta ce in an jibge su a ɗaki ɗaya ba wanda zai san ina cokali ina bargo.

Ina durƙushe ina naɗe kofuna a tsohuwar jarida, sai na ga ƙafafun Baba a gabana. Ya miƙo mini baƙin alƙalamin da yake sa wa buhunan iri alama.

"Ke mai rubutu."

Kwana ashirin da biyar ke nan rabon da ya yi mini magana. Na miƙe har kofi ya kuɓuce mini.

"Na'am, Baba."

"Rubuta a jikin kowane kwali." Ya nuna na farko da ƙafa. "Abin da ke ciki kawai za ki rubuta. Kada ki ƙara komai."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ya gama ya tsaya a kaina, bai tafi ba. Na buɗe kwalin na duba sosai, na rubuta: tukwane uku, murfi biyu. Na biyu: barguna. Na uku: takalman aiki, tiyo, almakashin ciyawa. Haruffan suka karkace, ba irin waɗanda suka ci kofi ba. Yana bin kowanne da ido, leɓensa na motsi. A na bakwai ya ce, "To." Ya karɓi alƙalaminsa ya sa a aljihu, ya ɗauki kwalin takalman ya fita.

Baba, ban iya faɗa maka da baki ba, ka ga yadda bakina ya yi a zaure. Zan yage wannan shafin in sa maka a aljihun rigar aiki, inda alƙalamin yake. Na san ba zai dawo da filin ba, ba zai dawo da gidan ba, kuma wataƙila ba wanda zai karanta sai kai. Amma ina so a ce akwai takarda ta biyu a birnin nan. Da bututu, da ganguna goma sha biyu, da abin da ka ce, da abin da aka ce maka, da abin da ka yi ranar Talata. Abin da ke ciki kawai. Ba zan ƙara komai ba, ko yabo.

In ka ce a'a, na bari har abada. In ka yarda, ba sai ka yi magana ba, ka ajiye mini alƙalamin a kan kwalin litattafaina.

Baba, ka ba ni izini in sake rubutawa?